Ƙarar Moda a Bakin Randa

A ƙofar gidanmu da ke unguwar Nima akwai randa. Ta ƙasa ce, baƙa, da ɗan tsagu a wuya wanda aka liƙe da siminti, tana zaune a kan tsohuwar taya a gefen lungu. Murfinta faifan ƙarfe ne, ga kuma modar silba da aka ɗaure da igiya don kada ta yi ƙafa. Duk wanda ya zo wucewa yana iya sha, masu tura baro, 'yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwa, har mahaukacin da ke yini a bakin babbar gwata. A Nima fa nake faɗa, inda famfo kan yi kwana da kwanaki yana hura iska kawai, mu ɗauki galan a ka mu nemo ruwa har Maamobi ko Kotobabi. Tukunyar gidanmu tana iya jiran ruwa, amma randar nan ba ta taɓa bushewa ba. Dokar Kaka ce, wadda ta haifi Mma mahaifiyarmu, kuma sai wanda ya gaji da zaman lafiya yake taka dokar Kaka.

Dalilinta kuwa, kowa a gidan ya haddace shi. Wai wani kakanmu na can baya bafatake ne a hanyar goro. Wata rana a tsakiyar daji wani baƙo ya roƙe shi ruwa, ya hana, ya ce abin da ke salkarsa ba zai kai shi zango ba. Baƙon ya dube shi ya ce 'ya'yansa mata za su haifi ƙishirwa. Kaka ta ce tun daga nan abin yake bin dangi ta hanya ɗaya: namijin da ke da ita yakan haifi 'ya'ya maza lafiya lau, amma in 'yarsa ta haifi namiji, to sai a zuba ido. Ita kanta ta binne jarirai maza biyu. Zazzaɓi da amai, su ƙi nono, su yi ta kuka har murya ta ɗauke. Randar sadaka ce, ko baƙon zai huce.

Yayana ya zo duniya da ƙishirwar nan. Shi ne babba, ni ke bi masa, kuma ban taɓa saninsa ba tare da ruwa a hannu ko a ciki ba. Da Mma ta ga yana ture nono yana kama moda tun bai iya zama ba, sai ta bi maganar Kaka, ta yi ta ɗura masa ruwa, shi ya sa ya rayu. Yana sha yana zubarwa, abin ba ya zama. An ce ciwon suga ne, Kaka ta sa ya yi fitsari a bayan ɗaki ta tsuguna tana jira, ko tururuwa ɗaya ba ta kula ba. Fari tas yake fita, kamar yadda ya shiga. A asibiti ma an auna, babu suga, aka ce a bar shi ya sha iya shansa. Wani malamin makaranta ya taɓa zane shi don ya cika neman izinin fita, Mma ta tashi daga kan keken ɗinkinta, awo a wuya, ta je ta wanke shi tas da Hausa da Twi da ɗan Turancin da take da shi. Yaran lungu suna ce masa Tanki. Yakan yi dariya ya ce to, su zo su saya. Kai, akwai shi da barkwanci, ga iya buga ƙwallo, sai dai kowane ɗan lokaci ya fice daga fili ya ruga gida.

Ruwan randa ya fi so, don ya fi sanyi. Barandar da Mma ke ɗinki tana bayan katangar da randar ta jingina da ita, ba a gani amma ana ji. Ƙwal, ya ɗaga murfi. Bulum, moda ta nutse. Shiru na ɗan lokaci. Sai ƙwal kuma, ya rufe. Da wannan ƙarar na girma. Mma ba ta ko ɗaga kai, tana taka keke tana cewa, “Ga ɗan nan nawa yana biyan bashin kakansa.”

Shekarar da muryarsa ta fara buɗewa, azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, kafin ruwan sama ya sauka. Wanda bai tashi a zango irin namu na Nima ba ba zai gane abin da azumi yake nufi ga yaro namiji ba. Ana zama a kan benci bayan azahar, kowa yana tofar da yawu da ƙarfi don a san bai haɗiye ba, ana duba leɓɓan juna a ga na wa ya fi bushewa. Ƙanana da shi, waɗanda yake goyawa jiya jiya, suna tambayarsa ya kai nawa. Baba ya san da haka. Ya kira malamin masallacinmu har gida, malam ya zaunar da Yaya ya gaya masa a fili cewa Allah ya ɗauke masa, mai ciwo irin nasa in ya yi azumi ma laifi ya yi. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “To.”

Ranar da abin ya faru ina baranda tare da Mma, ina sa maɓalli a kayan sallar mutane da suka taru kamar tsauni. Tun hantsi muke jin sa. Ƙwal, bulum, shiru, ƙwal. Da rana tsaka a watan azumi ba mai taɓa randar nan sai shi, lungunmu kusan duk Musulmi ne. Na ji da kunnena, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Har Mma ta ce yau kam Tanki ya buɗe famfo, muka yi dariya.

Bayan la'asar maƙwabciyarmu mai koko ta zaga bayan gida ɗauko itace, ta ƙwalla ƙara. Yana kwance a gefen makewayi, idanu sun faɗa, jiki yana karkarwa, bai san wanda ke kansa ba. Aka sa shi a tasi. A asibiti likita ya fito ya ce gishirin jininsa ya hau inda ba a so, yaron nan bai sa ruwa a bakinsa ba tun asuba. Mma ta cafke rigar mutumin. “Ƙarya ne! Na ji shi! Wallahi na ji shi yana sha!” Sai da Baba ya ɓamɓare hannunta. Yaya bai farfaɗo ba. An yi sallah a shekarar, kayan mutane suna nan a baranda ba maɓalli.

Daga nan kowa ya kawo tasa. Matan lungu suka ce baƙin ciki ne ya sa Mma ta ƙirƙiro wa kanta ƙarar, don zuciyarta ta samu wurin fakewa. Na ce ni ma na ji, aka ce in rufe baki, yarinya ce, abin da uwarta ta faɗa take maimaitawa. Kaka kuwa ba ta yi musu ba. Ta ce an sha ruwan, ai ta duba randa da magariba ta ga ta yi ƙasa sosai. Baƙon ne ya zo da kansa, ya sha, ya tafi da abin da ya zo ɗauka. Ta faɗi haka tana jan carbi, ko muryarta ba ta yi rawa ba. Ni dai tun daga ranar na daina bin ta ƙofar gida ni kaɗai da rana tsaka.

Mma ta koma ɗinki, amma wani lokaci ƙafarta takan tsaya a kan keke, ta karkata kai wajen katanga. Ba na tambayarta, don ni ma ina ji. Har a ɗakin kwanan jami'a, in wata ta buga cokali a kofi, sai gabana ya faɗi.

Ilimin sinadaran jiki na karanta, kuma ba zan ce don Yaya ba ne, gurbin da na samu ke nan. A shekara ta uku wata malama ta shigo ta ce yau za mu ga yadda ƙwayar halitta ke dasa sabon furotin a cikin tantaninta. Ina can baya ina hamma. Ta ce kowace ƙwaya a jikinmu lulluɓe take da tantani na maiƙo, siriri ƙwarai, kuma duk abin da ƙwayar za ta ji daga waje, ko ta shigar, ko ta fitar, sai ta wani furotin da ke dashe a cikin tantanin nan. To yaya ake sa shi? Ba a gama ƙera shi sannan a tura. Furotin dogon zare ne, ana ƙulla shi ƙulli bayan ƙulli a wani ɗan inji. Da zarar wani yanki mai son maiƙo ya leƙo, sai wani ɗan rakiya ya kama shi, ya rage saurin aikin, ya ja injin gaba ɗaya zuwa wani tantani na cikin ƙwayar. A can akwai kafa. Zaren ya ci gaba da fitowa yana bi ta kafar, ita kuma tana da wata ƙofa a gefe, duk yankin da ke son maiƙo sai ya zame ta nan ya shige cikin tantanin. Wani furotin sau ɗaya yake ratsawa, wani sai ya shiga ya fita har sau bakwai.

Nan na daina hamma, don abin da na gani a allo ɗinkin hannu ne, allura ta nutse ta ɓullo. Malamar ta ce bayan haka akwai masu dubawa. In ɗinkin ya zauna daidai, a naɗe shi a aika zuwa tantanin waje inda zai yi aiki. In ya karkace, ko da ƙulli ɗaya ne aka musanya, sai a riƙe shi a ciki a farke. Haka Mma take yi wa 'yan koyonta, ba ta barin karkataccen ɗinki ya fita daga barandarta. Sai malamar ta kawo misali, tana goge allo, kamar abin da ba shi da muhimmanci. Ta ce a ƙoda akwai irin wannan furotin mai ratsawa sau bakwai, aikinsa jin saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikowa cewa jiki ya bushe, a riƙe ruwa. In ya ji, sai ƙwayar ta jera ƙofofin ruwa a tantaninta, ruwa ya koma cikin jini. A wasu dangi ana ƙera shi da 'yar karkata, a tsare shi a ciki, ba ya kaiwa waje. Ƙwaƙwalwa ta yi ta kira, ƙoda ba ta da kunnen ji. Uwa ce ke ɗauke da shi, ɗa namiji yake kamawa.

Ban san lokacin da na fita daga ajin ba. Na tsinci kaina a bakin famfon bayan gini ina kuka kamar an yi mutuwar yau. Abin da ya fi ƙona mini rai, malamar ta ce sau da yawa furotin ɗin da ake farkewa, da an bar shi ya kai wurinsa, da ya ɗan yi aiki. Masu dubawa ne ba sa sassauci.

Ƙarshen mako na hau trotro, motar haya, zuwa gida, baki cike da labari. Kaka ta riga ta rasu. Na zauna a baranda na zana wa Mma komai a bayan takardar awo, na ce babu baƙo, babu salka, babu la'ana, zare ne ya karkace. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ma yi tambayoyi masu kyau, don ɗinki yarenta ne. Sannan ta cire tabarau ta ce, “Na ji. To wa ya sha ruwan?”

Duk littattafan da na ɗauko, babu wanda ya ce komai a kan wannan.

Na san mai yiwuwa ina ɗauke da abin, don ni ma na fi sa'o'ina shan ruwa. Da mijina ya fito, mutumin Nijar ne mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, na gaya masa tun kafin a kai goro. Ya ce da Hausarsa mai nauyi, kowa da abin da ya gada, su nasu taurin kai ne. Haihuwata ta fari mace ce. Na biyu namiji, kuma tun a makon suna na gane, don ɗiyata ba ta taɓa jiƙa zani haka ba. Wannan karon na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa da sunan da zan faɗa. Aka auna, aka tabbatar. Aka ba shi wata ƙwayar magani da ke rage fitsarin, aka ce a janye gishiri, gidanmu ya yi ban kwana da busasshen kifin nan mai gishiri da ke sa miya daɗi. Yaro ya tashi kyakkyawa, dogo, mai dariya. Da Baba ya rasu muka dawo Nima don kada Mma ta zauna ita kaɗai. Randa tana nan, Mma ba ta fasa cika ta ba, ni kuma ban hana ba. Ɗana ya gano ta da kansa, ya ce ruwanta ya fi na firji daɗi.

Ban ɓoye masa komai ba. Na zana masa ƙodar, na zana masa zaren, har ya iya bayanin da kansa, yana burge baƙi. Na gaya masa labarin kawunsa. Ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma in faɗi gaskiya, ina jin cewa ni na fi ƙarfin abin da ya ci gidanmu, tunda na san sunansa.

A azumin bara ɗana ya kai shekarun zama a benci. Na lura yana dawowa gida shiru. Ubansa ya kira malam, ɗan wancan malamin na da, ya zo ya faɗi abin da mahaifinsa ya faɗa, kusan kalma da kalma. Ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, “To.” Na kama kafaɗarsa na ce ya dube ni, ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, “Mama, ai na sani, kunnen ƙodata ba ya ji.”

Ranar Asabar ce, ina baranda ina duba takardun ɗalibai. Mma tana gefe a kan kekenta, ko da yake idonta ya yi rauni, yanzu sai ɗan gyaran baki take yi. Tun hantsi muke jin sa. Ƙwal, bulum, shiru, ƙwal. Duk sanda na ji sai in sauke numfashi. Ƙarar da ta hana ni sakat shekara da shekaru, ga shi ita nake jira. Gab da azahar jan birona ya ƙare, na tashi in aike shi kanti. Ban kira ba, na leƙa ta ƙofa kawai.

Yana tsaye ya ba ni baya. Ya ɗaga murfi ya buga shi a bakin randa da gangan. Ya nutsa moda. Ya riƙe ta a gaban ƙirjinsa, cike, yana kallonta, ya jira daidai tsawon da mutum zai sha. Sannan ya sunkuya ya tsiyaye ruwan a hankali a jikin katanga, bayan taya, inda zai gangara gwata ba tare da ƙara ba. Ya rufe. Ƙwal.

Ni da aka sani da baki, ni da ɗalibai ke ji daga ajin ƙarshe, muryata ta ƙi fita. Da ya juyo na ga leɓɓansa sun yi fari sun tsattsage, idanu sun fara shiga ciki. Fuskar da na gani a gefen makewayi ce. Sai na ji numfashi a bayan wuyana. Mma ta biyo ni tana dafa bango, kuma duk raunin idonta, ta ga jiƙaƙƙiyar katangar da modar da ke lilo a igiya.

Ta ce, “Ashe na ji.”

A hankali ta faɗa, ba da ni take ba. Ta wuce ni, ta buɗe randa, ta ciko moda, ruwa yana zuba a zaninta. Ɗana ya ja da baya. Shi ma Mma yake ce mata, kamar kowa a lungun. Ya ce, “Mma, don Allah, yau ɗaya kawai. Kowa yana yi. Sun ce ni ba namiji ba ne.” Sai ya fashe da kuka, amma ko hawaye babu.

Ta ce, “Na taɓa haifan namiji. Yana maƙabarta. Buɗe bakinka.”

Ya buɗe. Ta riƙe ƙeyarsa kamar jariri, yana sha maƙogwaronsa yana motsi, ta sake cikowa, ta sake. A lokacin ne bakina ya dawo, na zazzage shi, na zazzage yaran benci da iyayensu, har maƙwabta suka fito, kuma ban ji kunyar kowa ba. Muka kai shi asibiti aka duba jininsa, aka riƙe shi har yamma, aka sallame mu.

Na ɗauka Mma za ta samu sauƙi, tunda ta tabbata ba haukacewa ta yi ba, kuma babu baƙon da ya zo. Ina! Da muka dawo na same ta tsugune a bayan taya, tana shafa gindin katangar da tafin hannu. Ta ce, ba ta ɗago ba, “Yayanki yana nan tsaye duk yinin. Ni ina nan bayan bango ina dariya. Da na leƙo sau ɗaya.” Na ce ni ma ina wurin, ni ma ban leƙo ba, ba wanda zai leƙo. Ta ce ta sani. Na tsuguna kusa da ita, muka yi kukan da ba mu taɓa yi tare ba.

Washegari ta sa mijina da wani maƙwabci suka ɗauko keken ɗinkinta daga baranda, suka fito da shi ƙofar gida, suka ajiye a gefen randa. Na ce rana za ta dame ta, ga ƙurar lungu, ga hayaniya, ta ce in kafa mata laima. Yanzu ko ramin allura ba ta gani, 'yata ce ke sa mata zare. Amma kullum da hantsi takan fito ta zauna a wurin, kuma duk sanda ɗana ya zo shan ruwa sai ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa har ya gama.